Inci ko Milimita: Sharhi a Kan Zaɓen Soket ɗin Kwance Fulogi

Wannan sharhi ya karkata ne ga wani ƙaramin kayan aiki da ba ya rabuwa da akwatin bakanike, wato soket ɗin da ake kwance fulogi da shi, da kuma ruɗanin da ke tattare da lambobin da ake bugawa a jikinsa, waɗanda wasunsu na milimita ne wasu kuwa na inci. Fulogi shi ne ƙarfen nan mai sanye da farin tangaran da ake ɗaurawa a saman injin fetur, kuma aikinsa shi ne fitar da tartsatsin wuta a daidai lokacin da fistin ya matse cakuɗen iska da mai, domin cakuɗen ya kama da wuta ya tura fistin ƙasa. Injin dizal ba ya buƙatarsa, domin zafin matsi kaɗai ke kunna masa mai, amma duk wani inji mai shan fetur, tun daga mota da babur da A Daidaita Sahu har zuwa janareta da injin ban ruwa na fadama, ba ya tashi sai da shi. Soket kuwa ƙoƙon ƙarfe ne mai kusurwoyi a ciki, wanda ake kifawa a kan noti ko kan fulogi, a maƙala masa hannu a murɗa. Abin da ya sa wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, kuskuren da bai kai kaurin farce ba wajen zaɓen ƙoƙon yana iya jawo ɓarnar da sai an sauke saman inji kafin a gyara ta.

Tsarin awo biyu ne suka haɗu a garejin ƙasar Hausa, kuma kowannensu da hanyar da ya biyo ya iso. Tsarin mita an ƙirƙire shi ne a Faransa a shekarun 1790, aka gina shi a kan goma-goma, ta yadda mita ɗaya ta ƙunshi milimita 1,000, sannan a 1875 ƙasashe 17 suka rattaba hannu a birnin Faris a kan yarjejeniyar da ta mayar da shi ma'aunin ƙasa da ƙasa. Tsarin inci kuwa na Ingila ne, wanda Amurka ta gada, kuma ana raba incin ne rabi-rabi, wato rabi, kwata, ɗaya bisa takwas, ɗaya bisa goma sha shida, shi ya sa lambobinsa ke zuwa da ɓangarori irin su 5/8 da 13/16. Tun daga yarjejeniyar 1959 tsakanin Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, inci ɗaya ya tsaya a kan milimita 25.4 daidai, ba ragi ba ƙari, kuma wannan lamba ita ce mabuɗin duk lissafin da zai biyo baya. Nijar ta karɓi mita tun zamanin mulkin Faransa, Najeriya kuwa ta tashi ne da inci da ƙafa da yadi, sai a farkon shekarun 1970 ta yi sauye-sauye a jere: tuƙi ya koma hannun dama a 1972, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, dokar awo da ma'auni ta 1974 kuma ta tabbatar da tsarin mita. Duk da haka har gobe da inci ake sayen katako da bututu da bulo, da ƙafa ake auna fili, tayar mota ma faɗinta da milimita ake rubuta shi amma girman ƙarfen da take hawa da inci ne.

Fulogi da kansa ruwa biyu ne, kuma tarihinsa ne ya mayar da shi haka. Injin gas da Étienne Lenoir ya ƙera a Faransa a 1860 yana cikin na farko da suka yi aiki da tartsatsin lantarki, sannan a 1902 Gottlob Honold, injiniyan kamfanin Bosch na Jamus, ya samar da na'urar wuta mai ƙarfi da ta sa fulogi ya zama abin dogaro. Albert Champion, Bafaranshen da ya yi suna a tseren keke, shi ne ya ƙaura zuwa Amurka ya shiga sana'ar fulogi, kuma manyan sunaye biyu na can, wato Champion da AC, duk daga sunansa suka samo asali. Amurkawa sun gwada tiredi na inci a motocinsu na farko, tiredi kuwa shi ne zaren nan da aka yanka a jikin ƙarfe yana zagayawa domin a murɗa shi cikin rami: Ford Model T ta yi amfani da tiredin bututu na rabin inci, Model A kuma da na 7/8. Amma daga baya awon Turai ne ya rinjaya, na milimita 18 da farko, sannan na milimita 14 wanda ya bazu daga shekarun 1930. Sakamakon haka sai ga manyan injunan Amurka na tsakiyar ƙarni na 20, waɗanda kowane noti a jikinsu na inci ne, suna ɗauke da fulogi mai tiredin milimita 14, alhali kan fulogin, inda sifana ke kamawa, da inci ake kiransa.

Akasin wannan kuma yana nan a jikin soket ɗin. Ramin nan mai kusurwa huɗu da ke bayansa, inda hannu ke shiga, a duk duniya da inci aka tsara shi, ko dai 1/4 ko 3/8 ko 1/2, ko da kuwa a Jamus ko Japan aka ƙera shi kuma lambar bakinsa ta milimita ce. Ƙa'idojin Turai kan rubuta waɗannan a matsayin milimita 6.3 da 10 da 12.5, amma suna ne kawai aka sauya, girman yana nan yadda yake. Saboda haka bakanike a Maraɗi ko Damagaram da bai taɓa lissafi da inci ba, yana riƙe da shi a hannunsa kullum. Yawancin soket na fulogi masu ramin 3/8 ne, wanda ya fi dacewa da ɗan ƙarfin da aikin ke buƙata, ko da yake a garejojin da hannun 1/2 kaɗai ake da shi akan sami masu wannan ramin ma.

Kafin a zo ga kwatanta lambobi, akwai wani ruɗani da ya fi na inci da milimita yawan jawo sayen kayan da ba su dace ba, wato gauraya awon tiredi da awon kai. Idan mai sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ya ce fulogi 14 ne, mafi yawan lokaci kaurin tiredinsa yake nufi, ba girman kansa ba, kuma fulogi mai tiredin milimita 14 ba da soket mai lamba 14 ake kwance shi ba, sai dai galibi da 16 ko 21. Kan fulogi yana da fuskoki shida, kuma ana auna shi ne daga fuska zuwa fuskar da ke daura da ita, ba daga kusurwa zuwa kusurwa ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin kai mai milimita 16 tsakanin fuskoki yana kaiwa kusan 18.5 tsakanin kusurwoyi, ta yadda yaron gareji da aka aika ya auno, idan ya ɗora ma'auninsa a kan kusurwoyi, zai dawo da soket mai lamba 18 ko 19 wanda zai yi ta juyawa a banza. Tsofaffin kanikawan da suka yi aiki a kan Land Rover da Bedford da Austin na zamanin Turawa sun san wani salo na uku ma, wato tsarin Whitworth da Joseph Whitworth ya gabatar a Ingila a 1841, wanda lambar sifanarsa ke nuna kaurin ƙusar da za ta kwance maimakon faɗin bakinta, shi ya sa sifanar Whitworth mai lamba 1/2 ta fi ta Amurka mai lamba 1/2 girma nesa ba kusa ba.

Girman kai mafi yawa a motocin da ke kan tituna yanzu shi ne milimita 16, wanda Amurkawa ke kira 5/8 na inci. Idan aka ninka 25.4 sau biyar aka raba gida takwas, ana samun 15.875, wato tazarar da ke tsakanin awon biyu milimita 0.125 ce kacal. Da yake masu ƙera soket kan buɗa bakinsa ya ɗan ɗara lambar da aka buga masa, masu ƙera fulogi kuma kan yanka kansa ya ɗan gaza lambar da aka ambata, wannan tazara tana nutsewa a cikin sassaucin da aka bari da gangan, don haka soket mai 16 da mai 5/8 abu ɗaya ne a aikace, har wasu kamfanoni kan buga lambobin biyu a jikin ƙoƙo guda. Wannan shi ne girman da ake samu a Toyota Corolla mai inji 1ZZ da Honda Accord da mafi yawan motocin Japan na shekarun 1990 da farkon 2000, haka kuma a ƙananan babura irin na Honda Cub da ke shan fulogin C7HSA mai tiredin milimita 10. Girma na biyu shi ne na tsofaffin motoci irin su Volkswagen Beetle, da na injunan Honda GX160 da takwarorinsu na ƙasar Sin da ke juya janareta da injin ban ruwa, waɗanda ke shan fulogi irin BPR6ES. Asalinsa 13/16 na inci ne, wato milimita 20.64, masu ƙera fulogi kan rubuta shi 20.8, a kasuwa kuma ana kiransa 21. Soket mai 13/16 ko mai 20.8 ya fi zama daram a kansa, mai 21 cif kuwa yana da ɗan lilo, amma idan mai kusurwa shida ne kuma bai ci ba yana yin aikin ba tare da ɓarna ba. A waɗannan girma biyu, gardamar inci da milimita gardama ce ta suna, kuma wanda ya sayi duka biyun ya sayi abu ɗaya sau biyu.

Inda lamarin ya sha bamban shi ne a sauran girman, kuma nan ne ake buƙatar kula. Kai mai milimita 14, wanda ya zo da sababbin injuna irin 2ZR na Corolla da wasu na Nissan da Peugeot da BMW, yana da maƙwabci a tsarin inci, wato 9/16, wanda ya kai milimita 14.29. Tazarar ta ninka ta 16 da 5/8 fiye da sau biyu, kuma a kan kai ƙarami take, saboda haka soket mai 9/16 zai hau fulogi mai 14 yana lilo, mai 14 kuwa sau da yawa ba zai hau fulogi mai 9/16 ba sam. Fulogi mai 9/16 ba shi da yawa, amma ana samunsa a injunan Ford masu bawul uku na F-150 da Expedition da Lincoln Navigator na tsakanin 2004 da 2008, waɗanda wasunsu sun shigo ta Legas da Kwatano, kuma fulogin nasu ya yi ƙaurin suna wajen karyewa a cikin inji idan aka kwance shi da garaje. Kai mai milimita 18, wanda yake na fulogin D8EA da ake sa wa Honda CG125 da ɗimbin baburan da aka kwaikwaya daga gare shi, ba shi da abokin tafiya a tsarin inci ko kaɗan, domin 11/16 milimita 17.46 ne ba zai shiga ba, 3/4 kuma 19.05 ne ya yi masa yawa da fiye da milimita guda. Mai gyaran babur da ke kwance wannan fulogi da soket mai 3/4 ko mai 19 yana cinye kusurwoyinsa ne sannu a hankali. Shi kuwa 3/4 ɗin, wanda ake samu a gajerun fulogin zarton inji da wasu ƙananan injuna, daidai yake da 19, domin milimita 0.05 ce kaɗai ta raba su.

Dalilin da ya sa kan fulogi ke ta ƙanƙancewa daga 21 zuwa 16 zuwa 14 yana cikin saman injin ne. Tsohon inji yana da bawul biyu a kowace silinda, ɗaya na shigar iska ɗaya na fitar hayaƙi, fulogin kuma a gefe yake a fili, ana ganinsa ana taɓa shi. Injin zamani yana da bawul huɗu, da hanyoyin ruwan sanyaya inji a kewaye da su, wani lokaci har da bakin feshin mai da ke zuba kai tsaye cikin silinda, fulogi kuma ya koma tsakiya a ƙasan wani rami mai zurfi da ƙunci, koyil ɗin da ke ba shi wuta na zaune a kansa. Duk milimitar da aka rage wa fulogi, bawul da ruwa ne ke cin moriyarta. Wannan ya haifar da wani awo na uku da ba a bugawa a jikin soket, wato kaurin jikinsa ta waje. Soket na iya zama mai lambar da ta dace, amma bangonsa ya yi kaurin da ba zai shiga ramin ba, ko kuma, abin da ya fi muni, ya shiga da ƙyar ya maƙale a ciki, a zaro hannu a bar shi a ƙasa. Shi ya sa ake ƙera masu siririn bango musamman domin irin waɗannan injuna. Wasu injunan BMW da Mini kuma sun ƙara wani sharaɗi, domin kan fulogin nasu mai milimita 14 kusurwa goma sha biyu gare shi, kuma soket mai kusurwa shida ba zai hau shi ba ko da lambar ta yi daidai.

Soket na fulogi ya bambanta da dogon soket na yau da kullum ta hanyar abin da ke cikinsa. Akwai zoben roba, ko mayen ƙarfe a wasu, wanda ke riƙe fulogin domin a iya zaro shi daga rami mai zurfi a kuma sauke sabo a hankali ba tare da ya faɗa da baki ba, kasancewar faɗuwa ɗaya na iya rufe tazarar da tartsatsi ke tsallakawa ko ta tsaga tangaran. Robar tana kuma hana soket karkacewa ya danne tangaran ɗin ta gefe. Wannan tangaran, wanda ake yi da sinadarin alumina, shi ne ke tsare wutar da takan haura bolt 20,000 kada ta zurare zuwa jikin inji, kuma yana jure zafi da matsi sosai amma ba ya jure lanƙwasa. Tsagar da ido ba ya gani ta isa ta sa wuta ta riƙa bin ta gefe, inji ya riƙa tsallake bugu musamman a kan hawa ko da kaya, mai ya riƙa ƙarewa da sauri, a yi ta canza koyil da wayoyi alhali ɓarnar a wajen ɗaurawa aka yi ta. Game da yawan kusurwoyi kuwa, mai shida ya fi aminci a kan kai mai fuska shida, domin yana kama faɗin fuskokin, mai goma sha biyu kuwa kusa da kusurwoyi yake kamawa, kuma idan aka haɗa shi da ɗan lilo na awon da bai yi daidai ba, to nan da nan kan fulogin zai zama mulmulalle.

Mulmulallen kai a tsohon inji ko a babur abu ne mai sauƙi, domin ana iya kama shi da wata dabara tunda a fili yake. A ƙasan rami mai zurfin tafin hannu kuwa babu abin da zai kai gare shi sai soket, kuma da zarar soket ya daina kamawa, abin da ya rage shi ne a buga ƙaramin ƙoƙo da guduma a kansa ko a sauke saman injin gaba ɗaya. Saman injunan yanzu kusan duk na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi da ke buɗewa da zafi fiye da baƙin ƙarfen jikin fulogi, don haka ne masu ƙera motoci ke umartar a bar inji ya huce kafin a taɓa fulogi, a kuma hure ƙurar da ta taru a ramin kafin a zare shi, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a ƙasar da hunturu ke cika kowane lungu na inji da yashi. Sabon fulogi da hannu ake fara murɗa shi, da soket da sandarsa kaɗai ba tare da hannun sifana ba, domin yatsu ne ke jin ko tiredi ya hau daidai ko ya karkace. Idan ya karkace aka tilasta shi, alminiyam ne ke cinyewa ba fulogi ba, kuma gyaransa sai an faɗaɗa ramin an dasa masa sabon tiredi na ƙarfe.

Haɗarin gauraya tsarin biyu ya fi tsanani a wajen ƙarfin ɗauri fiye da wajen girman ƙoƙo, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Ƙarfin ɗauri shi ne nauyin da aka danna a ninka shi da tsawon hannun sifana, kuma tsarin mita na auna shi da niyuton-mita, tsarin inci kuma da fam-ƙafa, inda fam-ƙafa ɗaya ya yi daidai da niyuton-mita 1.36. Bisa jadawalin kamfanin NGK, fulogi mai tiredin milimita 14 da washa, a saman inji na alminiyam, yana buƙatar niyuton-mita 25 zuwa 30, mai milimita 12 yana buƙatar 15 zuwa 20, mai milimita 10 kuma 10 zuwa 12. Idan littafin mota ya ce 20 yana nufin niyuton-mita, bakanike kuma ya saita sifanarsa ta auna ɗauri a kan 20 na fam-ƙafa, to ya ɗaure da 27, wato ya zarce da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Idan kuma littafin na Amurka ne ya ce 18 yana nufin fam-ƙafa, aka saita 18 na niyuton-mita, an gaza da kusan kwata. Ɗaurin da ya wuce kima yana miƙar da jikin fulogi, ya karya hatimin da ke tsakanin ƙarfe da tangaran, ko ya tsige tiredin alminiyam. Wanda ya gaza kuma yana hana fulogi miƙa zafinsa ga saman inji, tunda ta mazauninsa da tiredinsa yake sauke mafi yawan zafin, sai bakinsa ya yi jajir ya riƙa kunna mai kafin lokaci, abin da ke iya huda fistin. Yana da kyau a san ƙanƙantar ƙarfin da ake magana a kai: niyuton-mita 25 a kan hannu mai tsawon santimita 25 kusan nauyin kilo 10 ne kawai, idan kuma aka zura wa hannun bututu ya kai mita guda, kamar yadda ake yi wa notin taya, kilo biyu da rabi kaɗai ya isa.

Garejoji da yawa ba su da sifanar auna ɗauri, kuma masu ƙera fulogi sun tanadi hanyar da ba ta buƙatar kowane tsarin awo. Ana murɗa fulogi da hannu har washarsa ta taɓa mazauni, sannan a ƙara da sifana rabin zagaye zuwa biyu bisa uku idan sabo ne mai tiredin milimita 14, domin washar ta matse. Idan tsohon fulogi ne ake mayarwa, wanda washarsa ta riga ta matse, kusan ɗaya bisa goma sha biyu na zagaye ya wadatar, wanda ba shi da washa kuwa, mai mazauni kamar mazurari, ɗaya bisa goma sha shida kaɗai yake so. Shafa wa tiredi mai ko man hana tsatsa yana ɓata lissafin sifanar auna ɗauri, domin santsi na sa fulogi ya wuce inda ya kamata kafin sifanar ta nuna an kai, shi ya sa NGK ke hana shafa komai a kan fuloginta masu rufin azurfa-azurfa.

Sauran awon fulogi ma suna ɗauke da wannan gauraye. Tsawon tiredi, wato zurfin da fulogi ke shiga cikin saman inji, yakan zo a milimita 12.7 ko 19, waɗanda ba komai ba ne illa rabin inci da uku bisa huɗu na inci da aka sauya wa riga, sai kuma 26.5 na sababbin injuna wanda shi a tsarin mita aka haife shi. Fulogi biyu na iya shiga soket ɗaya su kuma hau rami ɗaya alhali tsawonsu ya bambanta: dogon zai leƙa cikin silinda har fistin ya iya dukansa, gajeren kuma zai bar ƙarshen tiredin ramin a buɗe ya cika da baƙin gawayi, ta yadda ranar da aka kawo na daidai ba zai shiga ba. Tazarar bakin fulogi ita ma da awo biyu ake rubuta ta, inda milimita 0.7 zuwa 0.8 na janareta ya yi daidai da 0.028 zuwa 0.031 na inci, milimita 1.1 na motoci da yawa kuma ake rubuta shi 0.044. Lambobin jikin fulogi suna bayyana yawancin wannan ga wanda ya iya karanta su. A tsarin NGK, harafin B a farko yana nufin tiredin milimita 14 da kai mai 20.8, BK tiredin 14 da kai mai 16, C tiredin 10 da kai mai 16, D kuma tiredin 12 da kai mai 18, sannan E bayan lamba tsawon milimita 19 ne, H kuma 12.7. Bakaniken da ya haddace wannan ya san soket ɗin da zai ɗauka tun fulogin yana cikin kwalinsa.

Hukuncin da wannan bayani ke kaiwa gare shi a fili yake. A ƙasar da motocinta suka fito daga Japan da Turai da Koriya, baburanta daga Indiya da Sin, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci masu notin milimita tun 1975, tsarin mita shi ne ya kamata ya zama ginshiƙin akwatin kayan aiki, balle ma motocin Amurka na yanzu su kansu mafi yawan notinsu na milimita ne. Soket huɗu na fulogi sun ɗauke kusan duk abin da zai shigo gareji, wato 14 mai siririn bango, da 16, da 18, da 20.8 ko 21, kuma idan an sami 5/8 a madadin 16 ko 13/16 a madadin 21 babu laifi a saya. Mai 9/16 da mai kusurwa goma sha biyu sai wanda irin waɗancan motoci ke zuwa wurinsa. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne gaskiyarta, domin kasuwa cike take da ƙoƙunan da aka buga wa 16 alhali bakinsu ya doshi 16.5, da sifanonin gwangwani irin waɗanda ake haɗowa da sabon janareta, waɗanda ke buɗewa bayan an kwance fulogi kaɗan da su. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa har ɓarna take yi. Makarantun koyon sana'a da iyayen gidan da ke horar da yara suna da alhakin koya musu lambar 25.4 da bambancin tiredi da kai tun a watannin farko, domin yaron da ya san su ba zai ƙara buga soket da guduma yana zaton fulogin ne ya yi taurin kai ba. Mai saye kuma, ko bakanike ne ko manomi mai injin ban ruwa ɗaya, ya fi masa ya tafi kasuwa da tsohon fuloginsa a aljihu, ya kifa masa soket a gaban mai shago: idan ya shige har ƙasa ba tare da an tura da ƙarfi ba, ya kuma riƙe fulogin lokacin da aka juyar da bakinsa ƙasa, sannan aka murɗa hagu da dama aka ji motsin bai wuce ɗan kaɗan ba, to ya dace, ko da wace irin lamba aka buga a jikinsa.